Yadda Ake Tsara Jadawalin Kakar Kurket Ga Ƙaramar Ƙungiya A Landan

Wata Asabar cikin watan Yuni na tsaya a bakin wani filin ƙaramar hukuma a arewacin Landan, 'yan wasa goma a bayana, kowa ya sha fararen kaya, muna kallon wasu mutane suna kurket ɗinsu a filin da da an ce in rantse zan rantse namu ne a ranar. Abokan karawarmu sun taso tun daga kudancin kogin Thames, tafiyar awa ɗaya da rabi. Da aka bincika, waɗanda muka tarar a filin suna riƙe da takardar shaida, ni kuwa ba ni da komai sai maganar da muka yi da wani ta waya tun watan Fabrairu. A gefen titi muka cinye abincin da muka zo da shi, kowa ya kama gabansa.

Tun daga ranar nake ɗaukar kowane layi na jadawali a matsayin alkawarin abu uku: fili, mutum goma sha ɗaya, da abokin karawa. In ɗaya ya faɗi, wasa ya faɗi. Abin da zan bayyana a nan shi ne yadda sakataren jadawali ke ɗaure waɗannan ukun, daga watan Oktoba har zuwa wasan ƙarshe a Satumba.

Ga wanda bai saba da wasan ba, abu ɗaya ya kamata ya riƙe. Ana lissafin kurket da oba, kowace oba jifa shida ce. Wasan da kowane ɓangare zai yi oba 40 yana cin awa biyar zuwa shida, har da hutun shayi. Ke nan fili ɗaya wasa ɗaya yake ɗauka a yini, ba kamar ƙwallon ƙafa ba da za a jera wasanni uku a fili guda. Duk wahalar jadawalin kurket daga nan ta samo asali.

Mataki na farko: ku san irin ƙungiyar da kuke

Kafin a ɗauki biro, a zauna a babban taron shekara, cikin Oktoba ko Nuwamba, a yanke shawara: lig za a shiga, ko wasannin sada zumunta za a tsaya a kai, ko duka biyun.

A Landan an raba kurket bisa tsofaffin gundumomi huɗu. Middlesex ce ke da arewa da yammacin birnin, Surrey na kudu da kudu maso yamma, Kent na kudu maso gabas, Essex kuma gabas da kogin Lea. Kowace tana da lig ɗinta mai rukunoni hawa-hawa, ana hawa ana sauka. Lig ɗin ma ba su daɗe can ba: na Surrey ya fara a 1968, na Middlesex a 1972. Kafin nan ƙungiyoyin kudancin Ingila kusan duk sada zumunta suke yi, ana ganin wasan neman maki bai dace da dattaku ba. Wannan tsohuwar al'ada ce ta bar mana tsarin da ake bi har yau: Asabar ta lig ce, Lahadi ta zumunci, maraicen tsakiyar mako kuma na gajeren wasa mai oba 20.

In kun shiga lig, su ne za su tsara muku Asabar-Asabar ɗinku, naku shi ne samar da fili da mutane. Amma suna da sharuɗɗa: filin gida tabbatacce, rajista da hukumar kurket ta gundumarku, inshora, da shigar da sunayen 'yan wasa a shafin Play-Cricket na hukumar kurket ta Ingila da Wales. Neman shiga kuma tun kafin hunturu ake yi, wanda ya zo a Maris ya makara.

Shawarata ga sabuwar ƙungiya: ku yi shekara guda kuna sada zumunta kawai. A nan za ku gane ko mutum talatin ɗin da ke zuba surutu a zauren WhatsApp za su haifar da goma sha ɗaya ranar wasa. In mutanenku masu aikin ƙarshen mako ne, akwai tsarin gasar da ake kira Last Man Stands, wanda aka fara a Landan a 2005: mutum takwas-takwas, wasan kamar awa biyu, su ne kuma ke nemo fili da alƙali.

Mataki na biyu: ƙirga ranaku

Kaka tana farawa ne wajen ƙarshen Afrilu, ta ƙare tsakiyar Satumba. Ɗauki kalanda ka ƙirga da hannunka. Rukuni mai ƙungiya goma, kowa ya kara da kowa gida da waje, yana buƙatar Asabar 18. A 2026, misali, in aka fara 9 ga Mayu ba tare da tsallake ko ɗaya ba, 5 ga Satumba za a gama. Ka ga sararin da ya rage kaɗan ne, shi ya sa wasan lig da ruwan sama ya cinye galibi ba a sake shi.

Sai ka yi wa ranaku masu matsala alama da jan biro. Akwai Litinin uku na hutun ƙasa a cikin kaka: ta farkon Mayu, ta ƙarshen Mayu, da ta ƙarshen Agusta. Suna da daɗin saka ƙarin wasa, amma kuma a irin wannan dogon ƙarshen mako ne masu iyali ke barin gari. Mayu da Yuni watannin jarrabawa ne, matasanku za su ɓace. Daga ƙarshen Yuli har farkon Satumba makarantu na hutu, nan kuma iyaye ne ke ɓacewa. Agusta shi ne watan da ke kunyata sakatare.

Ga ƙungiyar da ke da Musulmi da yawa, kuma irinsu ba kaɗan ba ne a Landan saboda 'yan asalin Pakistan da Bangaladash da Indiya da Afganistan, sai a duba watan Musulunci. Azumin 2018 da na 2019 ya faɗo cikin Mayu da Yuni, ana kai awa 18 ba ci ba sha, ga tsayuwar rana a fili. Yanzu azumi ya ja baya ya fita daga kaka, amma Babbar Sallah na ciki: ta 2025 ta kama 6 ga Yuni, kowace shekara kuma tana matsowa da kusan kwana 11. Kada ka saka wasa mai nisa a ƙarshen makon da ya bi Sallah, ziyara za ta ƙwace maka rabin tawaga.

Mataki na uku: fili, kuma nan ne aikin yake

A tsakiyar filin kurket akwai wani murabba'i na musamman da ake lallaɓawa duk shekara. A cikinsa ake yanka zirin da ake jifa a kai, tsawonsa yadi 22, faɗinsa ƙafa 10. Kowane ziri sai mai kula da fili ya yi kusan mako biyu yana aske ciyawa, yana ban ruwa, yana bi da rola kafin ya nuna. In an yi wasa biyu ko uku a kai sai a bar shi ya huta a koma na gefe. Don haka fili yana da iyakar wasannin da zai iya ɗauka a kaka, ko da kalanda ta nuna babu kowa a ranar. In ƙungiyarku na da filinta, mai kula da shi ne mutum na farko da za ka zauna da shi, kafin kyaftin, kafin shugaba. Tambaye shi ziri nawa yake da su, wasa nawa zai iya shiryawa a mako, da ranar da yake son a rufe masa fili ya fara gyaran kaka mai zuwa.

In ba ku da fili, hanya uku ce. Ta farko filayen ƙananan hukumomi, waɗanda Landan ke da 32, kowace da tsarinta da ranar buɗe rajistarta. Akwai kuma manyan wuraren shaƙatawa irin su Regent's Park da ke ba da haya. Ta biyu filayen makarantu, musamman masu zaman kansu, waɗanda ke samuwa sosai bayan an tafi dogon hutu a Yuli. Ta uku ƙungiyoyin da ke da fili amma ba su da tawagar Lahadi, suna kuma neman kuɗin shiga. Ni wannan ta ukun na fi so, don fili ne da ake kula da shi da zuciya ɗaya.

Ka fara tambaya tun Nuwamba. Yawanci waɗanda suka yi haya bara ake fara ba wa dama, sabo sai abin da ya rage, kuma a bari ya huce shi ke kawo rabon wani. Ka kuma tuna filayen ƙananan hukumomi da yawa raba su ake yi da 'yan ƙwallon ƙafa, ba a cire ragarsu sai wajen ƙarshen Afrilu, a kuma mayar da ita farkon Satumba. Wasannin farko da na ƙarshen kaka, gara ka nemi ku je baƙunta.

Kafin ka biya kafin alƙalami, je ka ga wurin da idonka, ka kuma samu amsar waɗannan a rubuce: zirin na ciyawa ne ko shimfiɗar roba, don ba a hawa roba da takalmi mai ƙusa, akwai ɗakin canza kaya da banɗaki, kuma wa ke riƙe da mabuɗi ranar Lahadi, wa ke da ikon cewa fili bai wasuwa saboda ruwa, kuma in an soke ana mayar da kuɗi ko ana ba da wata rana, ƙarfe nawa ake kulle ƙofar wurin. Takardar shaida mai ɗauke da kwanan wata da lambar fili, ka ajiye ta a waya, ka kuma buga ɗaya ka saka a jakar kayan wasa. Ka san dalilin da ya sa nake nanata wannan.

Mataki na huɗu: ƙirga mutane da gaskiya

Ba mutum goma sha ɗaya ke riƙe tawaga ɗaya tsawon kaka ba. A gwajin da na yi, sai kana da kusan ninkin haka a rajista kafin ka kwana da tabbacin cika tawaga kowane mako. Aika wa kowa jerin ranakun tun Janairu ya nuna waɗanda ba ya nan, sannan ka rage wani abu daga alkawarin da suka yi, domin a cikin sanyin Janairu kowa gani yake zai buga kowane wasa. Wasa goma sha huɗu da aka buga duka sun fi ashirin da biyu da aka janye daga biyar.

Kuɗi ma a nan ake lissafa shi. A ce hayar fili fam 120, ƙwallo sabuwa da kayan shayi fam 60, ka ga 180. In ƙungiyoyin biyu za su raba, kowane ɗan wasa bai kai fam 9 ba. In mai gida ne zai ɗauka duka, ya haura fam 16 a kan kowa. A yi wannan magana da abokan karawa tun farko.

Mataki na biyar: neman abokan karawa

Tsofaffin ƙungiyoyi suna da al'adar riƙe rana: in kun kara a Lahadi ta biyu ta Yuni bara, ita za a sake ba ku bana, sai dai a juya gida da waje. Fara da waɗannan, ka tura saƙo a Oktoba. Sai ka cike gurabe da sababbi. Club Cricket Conference, wadda aka kafa a 1915, ta daɗe tana haɗa ƙungiyoyin da ke neman wasa, ana kuma samun talla a Play-Cricket da zaurukan sakatarori.

Abin da ya fi muhimmanci a nan shi ne faɗin gaskiya game da ƙarfinku. In ku masu rauni ne, ku ce masu rauni ne. Babu abin da ke kashe zumunci kamar a taso daga nesa a gama da ku cikin awa biyu, ko ku zo da gwanayen lig uku ku yi wa dattawa da yara kaca-kaca. Badi ba za a amsa saƙonku ba. A imel ɗin tabbatarwa a rubuta kwanan wata, adireshin fili, lokacin farawa, yawan oba, wa zai kawo ƙwallo, wa zai kawo alƙali, da batun shayi. Tun bayan kakar 2020, wadda annobar korona ta jinkirta har 11 ga Yuli aka kuma hana cin abinci tare, wurare da yawa sun koma kowa ya zo da nasa. Inda ake yi har yanzu, ka faɗi adadin masu cin halal da wuri, kada a yi wahalar banza.

Mataki na shida: in kai ne mai tsara wa lig gaba ɗaya

Wannan ya fi kama da lissafi, kuma akwai tsohuwar dabara. Ba kowace ƙungiya lamba daga 1 zuwa 10. Rubuta 1, 2, 3, 4, 5 a layin sama, sai 10, 9, 8, 7, 6 a ƙarƙashinsu. Makon farko ke nan: 1 da 10, 2 da 9, 3 da 8, 4 da 7, 5 da 6. Sai ka kafe lamba 1 a wurinta, sauran tara su zagaya da taki ɗaya kamar hannun agogo. Layin sama ya zama 1, 10, 2, 3, 4, na ƙasa 9, 8, 7, 6, 5. Mako na biyu: 1 da 9, 10 da 8, 2 da 7, 3 da 6, 4 da 5. Haka za ka yi ta juyawa har mako tara, wasa 45, kowa ya haɗu da kowa sau ɗaya. Zagaye na biyu maimaici ne, wanda ya karɓi baƙi shi zai je baƙunta, jimilla wasa 90. In ƙungiyoyin tara ne, ƙara lambar da babu kowa a kanta, duk wanda ya faɗo da ita yana hutu a makon.

Lissafin ba shi ne mai wuya ba, rabon gida da waje ne. Ka yi ƙoƙari kada wata ƙungiya ta yi fiye da mako biyu a jere a gida ko a waje. Sannan babbar ƙa'ida: ƙungiyar da ke da tawaga ta ɗaya da ta biyu a fili guda, in ta ɗaya na gida dole ta biyu ta kasance a waje. Haka ma ƙungiyoyi biyu masu haya a fili ɗaya, ko da rukuninsu daban. Da waɗannan ake fara ginin, sauran su biyo baya. Akwai manhajoji da ke yin wannan aiki, amma ko da su ka yi, bi makonni 18 ɗin ɗaya bayan ɗaya da fensir kana duba kowane fili. Ka fitar da daftari a Disamba, ka ba da mako biyu na ƙorafi, daga nan a rufe.

Wanda zai yi irin wannan a Legas ko Abuja, lissafin bai canza ba, kalandar ce ke juyewa: rani ne lokacin wasa, filaye kuma 'yan kaɗan ne, irin na dandalin Tafawa Ɓalewa, don haka gajeren wasa biyu a yini, safe da yamma, ya fi fitar da kai.

Mataki na bakwai: hasken rana da hanya

Filayen ƙananan ƙungiyoyi ba su da fitilu, ƙwallon kuma ja ce mai tauri, ba a wasa da ita a duhu. A ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa a Landan sai wajen 9:20, a ƙarshen Agusta kafin 8, a tsakiyar Satumba kuwa 7 da 'yan mintuna. Wasan oba 40 da aka fara ƙarfe 1 ba shi da matsala har Agusta, amma na Satumba a matso da shi 12. Wasan maraice mai oba 20 da ake farawa ƙarfe 6, daga tsakiyar Mayu zuwa ƙarshen Yuli ne lokacinsa, bayan nan sai an rage oba. Azahar a bazara tana shiga ne ƙarfe 1 da 'yan mintuna, daidai lokacin farawa, amma La'asar ba ta shiga sai bayan 5 a Yuni da Yuli, don haka hutun shayi na wajen 3:30 ya ishi mai salla.

Landan kuma ba a auna ta da mil, da lokaci ake auna ta. Tsallaka kogi ranar Asabar na iya cin awa biyu, jiragen ƙasa ana yawan rufe wasu layukan a ƙarshen mako don gyara. Tun 29 ga Agusta 2023 dokar hayaƙin mota ta game dukkan ƙananan hukumomin birnin, tsohuwar motar da ba ta cika sharaɗi ba fam 12.50 ce a yini, kuma sau da yawa irin wannan motar ce ke ɗauko jakar kaya da mutum huɗu. Kada ka jera wasanni masu nisa biyu a jere.

Mataki na takwas: ruwa da janyewa

Ruwan sama zai ci muku wasanni, wannan ba makawa. Abin da za ka iya shi ne a amince da ƙa'ida tun kafin hadari ya haɗu. Kafin a taso, mai fili ne ke da magana, kuma ya kamata ya kira baƙi da wuri, awa uku kafin farawa in zai yiwu. Bayan an hallara, magana ta koma hannun alƙalai. Lig kan fayyace oba nawa ne mafi ƙaranci da za a kira wasa ya kammalu, da yadda ake raba maki in an tashi babu sakamako, wasu kuma na amfani da lissafin Duckworth-Lewis-Stern wajen gyara adadin makin da tawaga ta biyu za ta bi. Gasar kofi ta sili ɗaya ƙwale ita ce ke buƙatar ranar ko-ta-kwana. In ita ma ruwa ya cinye, akan sa 'yan wasa biyar-biyar su yi jifa kan sanduna ukun da ake kafawa a ƙarshen ziri babu mai karewa, ko a jefa kwabo.

Janyewa saboda rashin mutane ta fi ruwa ciwo. A lig ana cire maki, wani lokaci har da tara, kuma da yawa sun shar'anta cewa tawagar ƙasa ce za ta fara janyewa, a ɗebi mutanenta a cike ta sama. A wasan zumunci babu tara, sai zubewar mutunci. In ka ga ba za ku cika ba, faɗa tun Laraba. Sau da yawa ɗaya ɓangaren na da rarar mutum biyu da za su ara muku, ko su samu lokacin neman wasu.

Mataki na tara: fitarwa da bibiya

Zuwa ƙarshen Maris jadawali ya fita. Wuri ɗaya tak za a ɗauka a matsayin na gaskiya, ko Play-Cricket ko takarda guda a intanet da kai kaɗai ke iya gyarawa. Hotunan jadawali da ke yawo a WhatsApp su ne ke kai mutum tsohon fili bayan an canza.

Daga nan aikin ya zama na mako-mako. Litinin a tambayi wanda yake nan. Talata ka tuntuɓi sakataren ɗaya ɓangaren ka sake tabbatar da wuri da lokaci, ko da kun yi magana a hunturu. Laraba ka kira masu fili. Alhamis kyaftin ya fitar da tawaga, a raba motoci. Juma'a a duba hasashen yanayi. Bayan wasa a shigar da sakamako a daren, don lig da yawa na hukunta jinkiri.

Ka riƙe ɗan littafi a jakarka duk kaka. Bayan kowane wasa rubuta layi biyu: yaya filin yake, ƙarfinmu ya zo ɗaya ko an yi wa wani fintinkau, sun zo a kan lokaci, za mu so mu sake. Waɗanda kuka ji daɗinsu, kada ka jira Oktoba. Tun ana tattara sanduna ka tari sakatarensu ka ce masa, "Ranka ya daɗe, a riƙe mana wannan Lahadin badi, mu ne masu karɓar baƙi." Kana isa gida ka bi shi da imel mai kwanan wata.